Kafin Ka Koma Babban Kamfanin Fasaha, Tambayi Kanka: Me Ya Ɗauke Ni?



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, daga cikin tambayoyin da matasa masu ilimin kwamfuta suka fi yawan kawo mini akwai wannan: "Malam, ina da aikina a hannu, ga kuma dama ta samu a ɗaya daga cikin manyan kamfanonin fasaha na duniya, irin su Google ko Microsoft ko Amazon ko Meta. Ya halatta in tafi?" Tambayar halacci tana da muhimmanci, kuma za mu zo kanta in Allah Ya so. Amma akwai wadda ta riga ta, wato: me ya sa kake son tafiyar?

Duk wanda ya zauna a ajin Islamiyya ya haddace hadisin niyya, wanda Imamul Bukhari ya buɗe Sahihinsa da shi, Imam Nawawi kuma ya sanya shi a farkon Arba'una. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, misalin da hadisin ya kawo misali ne na ƙaura. Mutane sun bar gari ɗaya, sun nufi gari ɗaya, sun sha wahalar hanya iri ɗaya, amma sakamakonsu ya bambanta saboda abin da kowannensu ya ƙudurce a ransa. Sauya wurin aiki ba hijira ba ce a ma'anar Shari'a, sai dai ƙa'idar tana aiki a kansa: dalilin da ya kai ka wuri shi zai nuna abin da za ka iya jurewa a can, da abin da za ka sallama, da ranar da za ka iya tashi. Don haka zan ɗauki dalilai biyar da na fi ji a bakin masu niyyar tafiya, mu auna su ɗaya bayan ɗaya.

Dalili na farko: albashi

Wannan shi ne dalilin da ya fi kowanne yawa, kuma shi aka fi jin kunyar faɗa. Ni kuwa ban ga abin kunya a cikinsa ba. Neman halali domin ciyar da iyali, da kula da iyaye, da biya wa ƙanne kuɗin makaranta, ibada ce babba. A watan Mayun 2023 ana canjin dala ɗaya a kan kusan naira 460 a farashin hukuma a Najeriya, amma kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Wanda albashinsa ya narke a hannunsa ta wannan hanya, ya ga inda za a biya shi da dala, ba a ce masa ya yi kwaɗayi.

Sai dai ya kamata mai karatu ya san yadda aka tsara wannan biya. A manyan kamfanonin Amurka, kaso mai tsoka na abin da ake yi wa injiniya alkawari hannun jarin kamfanin ne, kuma ba a damƙa masa shi gaba ɗaya. Ana sakar masa shi kaɗan-kaɗan, galibi a tsawon shekara 4, kuma kafin na farko ya ƙare akan ƙara masa wani sabo mai nasa wa'adin. Duk ranar da ya ajiye aiki, abin da bai nuna ba ya tafi ke nan. Hikimar tsarin a fili take: kullum akwai wani kuɗi a gaba wanda tashi zai sa ka yi asararsa. Brian Acton, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa WhatsApp, ya bar Facebook a 2017 bayan saɓani kan yadda za a riƙa samun kuɗi da manhajar, ya bar hannun jarin da aka ƙiyasta a kan kusan dala miliyan 850. Shi mai dukiya ne tun kafin nan, ya iya tashi. Matashin da ya ɗora gidan haya mai tsada da mota da ɗawainiyar dangi a kan wannan alkawari, tashi zai yi masa wuya ko da ya ga abin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba.

Saboda haka albashi dalili ne mai kyau matuƙar yana da iyaka a ranka. Ka san bukatar da kake son biya, ka san adadinta. Wanda ya tafi neman abin da zai ishe shi yana da ranar gamawa. Wanda ya tafi neman ƙari kuwa, ƙari ba shi da ƙarshe.

Dalili na biyu: koyon aiki

A ganina wannan ne dalili mafi ƙarfi. Akwai ilimin da ba ya cikin littafi, sai an zauna kusa da masu yin sa, kamar yadda ɗan koyo ke zama a maƙera ko a marina. Yadda ake gina manhajar da mutum biliyan ke amfani da ita ba tare da ta durƙushe ba, yadda ake kare bayanan jama'a daga masu kutse, yadda dubban injiniyoyi ke aiki a kan abu ɗaya ba tare da sun tattake juna ba, yadda ake bin diddigin kuskure bayan ya auku domin kada ya sake aukuwa, duk waɗannan wuraren da ake koyonsu a aikace ba su da yawa a duniya. Imamul Gazzali a cikin Ihya'u ya lissafa likitanci da lissafi da sana'o'in da rayuwar jama'a ba ta tsayuwa sai da su a cikin farillan kifaya, waɗanda idan al'umma ta rasa mai yin su, laifi ya hau kan kowa. Ban ga abin da zai fitar da wannan fanni daga wannan hukunci ba a zamanin da bankinmu da asibitinmu da karatunmu suka koma cikin waya.

Tarihin fannin ya nuna amfanin irin wannan zama. Jan Koum da Brian Acton sun shafe kusan shekara 10 suna aiki a Yahoo kafin a kafa WhatsApp a 2009. Lokacin da Facebook ya saye shi a 2014 a kan dala biliyan 19, ma'aikatansa ba su kai 60 ba, amma suna hidimar mutum kusan miliyan 450. Abin da suka koyo a babban gida shi suka gina ƙaramin da shi. A nahiyarmu kuma akwai Moustapha Cissé, ɗan ƙasar Senegal, wanda ya yi bincike a Facebook, ya jagoranci cibiyar binciken ƙirƙirarriyar basira da Google ya buɗe a birnin Akra na Gana, kuma ya assasa shirin digiri na biyu a wannan fanni wanda aka fara a Kigali a 2018, inda matasa daga ƙasashen Afirka da dama suka yi karatu. Wannan shi ne shiga da manufa.

Amma akwai sharaɗi. Ba kowace kujera a babban kamfani ake koyon aiki a kanta ba. Mutum yana iya shafe shekaru yana gyara wani ɗan lungu na wata manhaja, da kayan aikin da babu su a ko'ina sai a wannan gida, ya fito bai iya tsayar da komai shi kaɗai ba. Kafin ka sa hannu, tambayi wane sashe za a kai ka, wa zai zama shugabanka, me za ka iya bayan shekara 3 wanda ba ka iya ba yau. Idan ba ka samu amsa ba, to sunan kamfanin kake bi.

Dalili na uku: suna

Wannan dalili ba a faɗarsa da baki, amma yana nan kwance a ƙarƙashin sauran. Mutum yana so a ce wane ɗan gidan wane yana Google, a riƙa nuna shi a wurin ɗaurin aure, abokan karatu su riƙa taya shi murna. Ba na musun cewa sunan babban kamfani a takardar neman aiki yana buɗe ƙofofi daga baya, kuma yin lissafi da wannan ba laifi ba ne. Abin tsoro shi ne mutum ya ɗora darajar kansa a kan katin shaidar da ke rataye a wuyansa. Katin nan na aro ne, kuma ana karɓe shi cikin dare ɗaya. Wanda ya san ƙimarsa tun kafin ya shiga, ya rasa aiki ne kawai ranar da aka sallame shi. Wanda katin ne ƙimarsa, ranar nan sai ya rasa inda zai sa kansa.

Dalili na huɗu: tabbacin aiki

Wasu sukan ce ƙananan kamfanoni yau suna nan gobe babu su, gara babban da ba ya faɗuwa. Gaskiya ne kamfanin ba ya saurin faɗuwa, amma tsayuwar kamfani daban, tsayuwar kujerarka daban. A watan Nuwamban 2022 Meta ya sallami ma'aikata sama da 11,000, ya sanar da ƙarin 10,000 a watan Maris na 2023. A Janairun 2023 Google ya sallami kusan 12,000, Microsoft kuma 10,000. Amazon ya rage kusan 27,000 a tsakanin ƙarshen 2022 da farkon 2023. A 2025 Microsoft ya sake sallamar kusan 6,000 a watan Mayu da kusan 9,000 a watan Yuli, a shekarar da ribarsa ta haura dala biliyan 100. Ke nan ba sai kamfani ya shiga asara ake sallama ba, kuma ba sai ma'aikaci ya yi laifi ba. Shugabanni sun sauya alƙibla, sashenka bai shiga sabon lissafi ba, shi ke nan.

Ofisoshin da ke Afirka ba su tsira ba. A 2019 Microsoft ya buɗe cibiyoyin injiniyoyi a Nairobi da Legas, matasa da yawa suka bar ayyukansu suka koma can, a 2024 aka rufe ta Legas. Twitter ya buɗe ofishinsa na Akra a watan Nuwamban 2022, bayan 'yan kwanaki aka sallami kusan dukkan ma'aikatan sakamakon sayen kamfanin da Elon Musk ya yi, kuma sun shafe fiye da shekara guda suna neman haƙƙoƙinsu kafin a daidaita. Wanda kuwa ya tafi Amurka da bizar ƙwararru wadda ke ɗaure da kamfanin da ya ɗauke shi, idan aka sallame shi kwana 60 ne mafi yawan abin da doka ta ba shi ya samu wani mai ɗaukarsa ko ya sauya matsayin zamansa, in ba haka ba ya tattara iyalinsa ya bar ƙasar.

Ba na kawo waɗannan alƙaluma domin in tsorata kowa. Arziƙi na Allah ne, kuma mafi yawan waɗanda aka sallama sun ci gaba da rayuwa. Manufata ita ce a cire wannan dalili daga lissafi, domin abin da ake nema a cikinsa babu shi a can.

Dalili na biyar: "zan kawo gyara daga ciki"

Wannan dalili na masu kyakkyawar zuciya ne, shi ya sa ya fi bukatar a tsaya a kansa. Akwai gaskiya a cikinsa. Google ya sanya Hausa a manhajarsa ta fassara a ƙarshen 2013, kuma duk mai amfani da ita ya san akwai sauran aiki, wanda babu mai yin sa da kyau sai wanda ya sha harshen a nono. Wani bincike da BBC ta fitar a 2018 ya nuna yadda hotunan ƙarya da aka yaɗa a Facebook suka ƙara rura wutar rikicin jihar Filato na watan Yunin wannan shekara, kamar yadda 'yan sanda suka bayyana. A shekarar dai kamfanin ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba wajen hana amfani da shafinsa domin tunzura jama'a a Miyanma, ƙasar da aka yi wa Musulmin Rohingya kisan gilla. Rashin masu jin harsunan mutane a ɗakunan da ake yanke shawara yana jawo asarar rayuka. Idan namu suka ƙi shiga, wa zai yi magana?

Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar alhali sarkin ba a kan addininsa yake ba. Hujja ce mai ƙarfi, malamai da dama sun kafa ta. Sai dai a lura da abu ɗaya: Annabi Yusufu an ba shi iko, shi ke tsarawa, shi ke zartarwa. Sabon injiniya a kamfanin da ke da ma'aikata sama da 180,000, kamar yadda uwar kamfanin Google ta kasance a 2024, ba a wannan matsayi yake ba.

Mu duba abin da ya faru da waɗanda suka gwada. A 2018 ma'aikatan Google sama da 3,000 suka sa hannu a kan takardar adawa da wata kwangila da ma'aikatar tsaron Amurka, ta amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen tantance hotunan da jirage marasa matuƙa ke ɗauka. Kamfanin ya ce ba zai sabunta kwangilar ba, ya kuma fitar da ƙa'idojin da suka haɗa da alkawarin ƙin ƙera wannan fasaha domin makamai. A watan Fabrairun 2025 ya cire wannan alkawari. A 2021 Google da Amazon suka ƙulla kwangilar dala biliyan 1.2 da gwamnatin Isra'ila, mai suna Nimbus, domin samar mata da rumbunan adana bayanai da sarrafa su. A watan Afrilun 2024, ana tsakiyar yaƙin Gaza, wasu ma'aikatan Google suka yi zaman dirshan a ofisoshin kamfanin domin nuna adawa, aka kori 28 a tashin farko, wasu suka biyo baya. Microsoft ma ya kori ma'aikatan da suka yi irin wannan zanga-zanga a 2025, duk da cewa a watan Satumban shekarar ya sanar da katse wasu hidimomi ga wani sashe na ma'aikatar tsaron Isra'ila, bayan 'yan jarida sun bankaɗo cewa ana adana kiran wayar Falasɗinawa masu ɗimbin yawa a rumbunansa.

Darasin da na ɗauka daga wannan shi ne, magana daga ciki tana tasiri a wasu lokuta, amma tana da tsada, kuma masu yin ta su ke biya. Wanda ya ce zai shiga domin gyara, ya tambayi kansa ko ya shirya rasa aikin saboda gyaran. Idan bai shirya ba, to ya faɗa wa kansa gaskiya cewa albashi ne ya kai shi. Wannan ya fi masa alheri a kan ya lulluɓe bukatarsa da rigar jihadi.

Ladan kuturu

Yanzu sai mu koma kan tambayar halacci. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Asalin ƙwadago halal ne, kuma aiki a ƙarƙashin wanda ba Musulmi ba halal ne matuƙar aikin da aka ɗauke ka ka yi halal ne. Waɗannan kamfanoni kuwa kamar birane suke, a cikinsu akwai mai gina taswira, da mai kare asusun mutane daga ɓarayi, da mai gyara manhajar rubutu, akwai kuma mai zana dabarun da za su hana yaro ajiye waya har tsakar dare. Malamai suna bambanta tsakanin wanda hannunsa ke cikin ɓarna kai tsaye da wanda alaƙarsa da ita ta yi nisa, don haka ba a yanke wa ma'aikata dubu ɗari hukunci ɗaya. Abin da ya hau kanka shi ne ka san aikin sashenka, ka san wanda zai amfana da shi.

Ka kuma san inda kuɗin ke fitowa. A 2024 sama da kashi 97 cikin 100 na kuɗin shigar Meta daga tallace-tallace ne, na uwar kamfanin Google kuma kusan kashi 75. Kamfanin da ke rayuwa da talla, hajarsa ita ce lokacin mutane da bayanansu. Wannan bai haramta aiki a can ba, amma zai fahimtar da kai dalilin da ya sa ake yanke wasu shawarwari, da dalilin da ya sa kukanka ba zai sauya su cikin sauƙi ba. Game da hannun jarin da za a ba ka kuma, akwai ma'aunan da hukumar AAOIFI da ke Baharain ta tsara, waɗanda suka haɗa da kada bashin ruwa ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajar kamfani, kada kuma kuɗin shiga na haram ya wuce kashi 5, a kuma fitar da wannan kaso a yi sadaka da shi. Ka kai takardunka ga malamin da ya san fannin, ya duba maka wannan tare da zakkar da ta hau kansu.

Ra'ayina

Ni ina ganin matashin da ya samu irin wannan dama, aikin sashensa halal ne, kuma zai iya tsayar da sallarsa, ya tafi. Amma ya tafi irin tafiyar ɗan cin rani. Ɗan cin rani ya san abin da ya fitar da shi daga gida, ya san abin da yake son tarawa, ba ya kashe duk abin da ya samu a birni, kuma gonarsa tana ransa. Komawa gona a nan ba lallai ne ta zama tattara kaya a dawo ba. Tana iya zama ɗaukar matasa 5 ko 10 ana koya musu aiki ta intanet a ƙarshen mako, ko ba da gudummawa ga ayyukan sanya harsunanmu a cikin na'ura, ko kafa wani abu naka idan lokaci ya yi. Abin gudu shi ne mutum ya zama inuwar giginya.

Kafin ka sa hannu a takarda, ka zauna kai kaɗai ka rubuta abubuwa uku. Na farko, haƙiƙanin dalilinka, ba wanda za ka faɗa a wurin tantancewa ba. Na biyu, aikin da ba za ka taɓa yi ba ko nawa za a biya ka, domin iyakar da ba a shata ba tun kafin albashin farko ya shigo, wuya gare ta bayan ya shigo. Na uku, adadin da za ka riƙa ajiyewa har ya kai abin da zai riƙe ka da iyalinka wata 6 ba tare da aiki ba, domin wannan ajiya ita za ta ba ka bakin cewa a'a ranar da aka bukaci ka ce. Bayan haka ka shawarci iyayenka da iyalinka, musamman idan tafiyar za ta raba ka da su, ka nemi wanda ya taɓa aiki a can ka ji ta bakinsa, sannan ka yi istihara ka dogara ga Allah.

Wanda kuma ya auna ya ga zamansa a inda yake ya fi masa, kada ya ɗauka ya gaza. Ƙaramin kamfanin da ke warware matsalar manomi ko ɗan kasuwa a garinku, yana biyanka abin da zai rufa maka asiri, wuri ne mai daraja, kuma sau da yawa nauyin da za a ɗora maka a can cikin shekara 2 ya fi wanda za ka ɗauka a babban gida cikin shekara 5.

Allah Ya arzurta mu da halali mai albarka, Ya tsare mu daga abin da zai sa mu yi nadama, Ya gyara mana niyyoyinmu. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.